Babur ɗin Likitan Shanu

An sallame sallar Juma'a, jama'a na dawowa gida, aka tarar da ƙofar shagon marigayi Malam Attahiru a buɗe. Kwaɗon yana rataye a jikin ƙofar lafiya lau, da mabuɗi aka buɗe shi. A ciki akwai tamfol yashe a ƙasa, da katakon da ake ɗora ƙafar babur a kai, da ɗigon baƙin mai. Babur ɗin kuwa babu shi.

Duk wanda ya kwana biyu a Bagudo ya san wannan babur. Bajamushe ake ce masa, don ƙirar Jamus ne ta shekarar 1978, ruwan azurfa, da garkuwar tare iska tun daga fitila har gwiwa. Malam Attahiru malamin dabbobi ne, Fulani na kiransa Likitan Shanu, kuma a kan babur ɗin nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana zaga rugage daga Kaoje zuwa Illo har bakin iyakar Benin. Kwana talatin da uku ke nan da rasuwarsa. Tun ranar ba wanda ya sake jin ƙarar Bajamushe.

Mutanen unguwa ba su wahalar da kansu da dogon tunani ba. Wa ke riƙe da mabuɗin shagon? Wa ba ya zuwa Juma'a? Tambaya biyu, amsa ɗaya: Rufus makanike, Kirista mutumin Ogbomosho, wanda shi kaɗai marigayin ya yarda ya sa wa babur ɗin sifana. Shekara talatin da ɗaya yana garin, Hausar Kabi ta zauna a bakinsa, rabin makanikan Bagudo a hannunsa suka koyi aiki. Duk wannan bai kai minti goma ba aka manta da shi.

Lokacin da Sufeto Bunyaminu na 'yan sanda ya iso garejin Rufus, mutum kusan arba'in ne a tsaye. Rufus na zaune a kan wata tsohuwar taya, hannuwansa a kan gwiwa. Wani ya shiga ya fito da ƙaton batir ya dire a gabansa.

"Ga shi nan, Yallaɓai. Batirin Bajamushe na. Mi ya rage?"

Alhaji Maliki, mai filin garejin da gidan da Rufus ke ciki, ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Ni dai na hwaɗi. In Litinin ta yi, ya kwashe kayanshi. Ba ni aje ɓarawo bisa hilina."

Sufeto ya dubi taron. Mutumin Yawuri ne, dogo, mai jinkirin magana har ya ba mutum haushi, kuma ya daɗe da sanin cewa taro ba ya jin bayani sai ya huce. Ya sa Rufus a mota, ya sa aka ɗauki batirin, ya ce a kai su ofis. Ya san a ranar ɗakin ofis ya fi garejin aminci ga dattijon.

Shi kuwa ya taka zuwa shagon marigayin. A can ya sami Saifuddeen, ɗan Malam Attahiru namiji tilo, ɗan kasuwar shinkafa mai shekara talatin da biyar, wanda shi ya aika aka kai ƙara. Yana jingine da bango.

"Mabuɗi nawa ne?" in ji Sufeto.

"Biyu, Yallaɓai. Guda ga Baba Rufus, guda cikin ɗakin marigayi. Ba a taɓa kayanshi ba, sai an raba gado."

"Kai kana ina?"

"Masallaci, kamar kowa."

Shagon yana jikin katangar gidan, ƙofarsa na kallon lungu, lungun kuma gangare ne da ya nufi fadama. An yi ruwa ranar Alhamis, ƙasa na da danshi. Sai dai ƙafafun masu dawowa daga masallaci sun tattake tsakiyar hanyar kaf. Sufeto ya bi gefen katanga a hankali. Taku ashirin da uku daga ƙofar ya tsaya. Akwai sawun taya mai faɗi da ta ja ƙasa ba tare da ta juya ba, tsawon kamu huɗu. A ƙarshensa wani abu mai nauyi ya dankara ƙasa ya bar rami kamar gindin turmi, kusa da shi kuma ɓarɓashin madubi. Ya durƙusa ya auna da tafin hannu, ya ɗauki hoto da wayarsa, ya tsince ɓarɓashin a takarda.

A ofis ya sa aka kawo wa Rufus ruwa, ya zauna a gabansa.

"Baba Rufus, batirin nan ya aka yi ya zo hannunka?"

"Ni nic cire shi, Yallaɓai. Kwana uku bayan rasuwa. In anka bar batir ga babur ba a tada shi, mutuwa yakai. Na gaya ma Hajiya, matar marigayin, tac ce in tahi da shi in riƙa ba shi wuta."

"Ban da ita wa ya sani?"

"Ba kowa. Ƙarƙashin kujera yake, sai an buɗe ake ganin babu shi."

"Yau da azahar kana ina?"

"Gareji. Ni ɗai. Yaran duk sun tahi masallaci, Bolanle matata tana kasuwa." Ya yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba. "Kowace Juma'a haka nike, ba ni da shaida. Shekara talatin da ɗaya ba wanda yat taɓa tambaya."

Sufeto ya ajiye biro. "Ni ban san babur ɗin nan ba sai daga nesa. Koya mini shi, kamar yaron gareji."

Nan fa dattijon ya gyara zama, ka ce ba shi ake tuhuma ba. Ya ce injin si-si ɗari tara da tamanin ne, ƙarfin doki saba'in. Silinda biyu ne, kuma ba a tsaye suke ba, a kwance suke, ɗaya ta leƙo dama ɗaya hagu a gaban ƙafafun mahayi, jikinsu duk tsage-tsagen ƙarfe don iska ta sanyaya su. Ba shi da sarƙa, farfela ce irin ta mota ke juya tayar baya. Tankinsa lita ashirin da huɗu. In ya sami kwalta mai kyau yana taɓa kilomita ɗari biyu a awa, amma ba don tsere aka yi shi ba, don doguwar tafiya aka yi shi, mutum ya tashi Bagudo da safe ya yi azahar a Sakkwato bayansa bai ƙage ba.

"Nauyinsa fa?"

"Kilo ɗari biyu da talatin in tanki ya cika. Kuma cike yake, Malam bai barin shi rabi."

"In babu batir, a buga kik mana."

"Ba shi da kik, Yallaɓai. Maɓalli ɗai na."

"To a tura shi."

"Ko an tura ba ya tashi. Wutar fulogi daga batir take zuwa."

Sufeto ya miƙa masa wayar. Rufus ya kawo hoton kusa da ido, ya daɗe yana kallo, sai fuskarsa ta ɓaci irin ta wanda aka nuna wa ɗansa da rauni.

"Sun kada shi," in ji shi a hankali. "Ramin ga kan silindar hagu na."

"Me ya kayar da shi?"

"Giya. Ƙananan baburan ga da kowa ke hawa, duk giyarsu ƙasa aka taka ta. Taki ɗaya lamba ɗaya, taki biyu lamba biyu. In babur ya ƙi tashi, kowa ya san a tura shi a taka sau biyu a saki kuloci. Shi wanga ba haka yake ba. Ƙasa lamba ɗaya ta kawai, ko ka taka sau goma. Sauran huɗun sama aka ɗaga su da bayan ƙahwa. Wanda yay yi wannan ya taka sau biyu, shina zaton lamba biyu yake, ashe ɗaya ta. Injin kusan si-si dubu a lamba ɗaya bisa danshi, taya cijewa takai. Ta ja ƙasa, babur ya tsaya cak, shi mai turawa ya ci gaba."

"Ya ci gaba zuwa ina?"

Rufus ya shafa ƙwaurinsa. "Ya sami silinda tana jiranshi."

"Mutum ɗaya zai iya ɗaga shi in ya faɗi?"

"In namiji na, ya dage, i. Silindar tana tokare shi, ba ya kwanciya duka."

Sufeto ya rufe littafinsa. Ba ya alkawari da rabin hujja. Mai yiwuwa ne makanike mai wayo ya tsara duk wannan. Amma a ransa ya fara jin nauyin dattijon.

Washegari gari ya tashi da labari cewa Bajamushe ya ƙetare iyaka tun jiya. Wani ya gan shi a Tsamiya, wani ya ji ƙararsa a Lolo, wani ma har kuɗin da aka sayar da shi ya sani. Sunan da ake haɗawa da na Rufus shi ne Zayyanu, ɗan acaɓan da ya san duk wata ɓarauniyar hanya tsakanin Bagudo da Benin, kuma an san ya taɓa neman sayen babur ɗin. Sufeto ya same shi a tasha yana shan koko.

"Ka nemi sayen babur ɗin marigayi?"

"Sau biyu, ranka ya daɗe. Na biyun sai da yak kore ni da sanda."

"Jiya ina ka yi Juma'a?"

"Kende. Ƙanwata ta haihu, ni nik kai ragon suna. Sahun gaba nit tsaya, bayan liman, don kowa ya gan ni da sabuwar riga."

"An ce an ga babur ɗin a Tsamiya."

Zayyanu ya ajiye kofin. "Ranka ya daɗe, in Bajamushe ya bi hanyar Tsamiya, kurma ma sai ya sani. Kuma ni aikina yashi da laka. Babur mai hwaɗin amalanke, ina zan bi da shi? Ko kwalekwale ba ya ɗaukar shi sai an yi taro. Don kwalliya nis so shi, ba don aiki ba."

Waya biyu Sufeto ya buga zuwa Kende. Rago ya isa, sabuwar riga ma an gan ta. Ya soke sunan Zayyanu.

Daga nan ya nufi gidan marigayin. Hajiya Mariyamu tana takaba, ba ta fita ko ƙofar gida. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ita tana daga cikin ɗaki bayan labule. Ya yi mata ta'aziyya, ta amsa.

"Hajiya, batirin da aka samu wajen Rufus, da saninki?"

"Da sanina. Ni nic ce ya tahi da shi."

"Jiya lokacin Juma'a kina nan?"

"Ina zan je, ɗana?"

"Kin ji an tada babur?"

"Ba a tada shi ba." Muryarta ba ta yi rawa ba. "Shekara talatin da tara ina jin ƙarar babur ɗin ga. Tun shina kwanar kasuwa nike ɗora ruwan wanka. Da ya tashi, ko barci nike sai na ji."

"Me kika ji to?"

"Na ji an buɗe ƙohwa. Na ji abu mai nauyi ya hwaɗi bayan katanga."

"Sai me?"

Labulen bai motsa ba. Sufeto ya jira. Jira shi ne abin da ya fi iyawa a aikin nan.

"Na ji an yi salati," in ji ta.

"Salati."

"I."

"Rufus kuwa ba ya salati."

"Ba ya yi."

"Kin gane muryar?"

Da ta amsa, ba tambayar ta amsa ba. "Rufus shi yay yi jinyar Malam tare da ni. Shi ka ɗaga shi, shi ka kwantar da shi. Ban yi barci ba jiya, Yallaɓai. Kada ka sa in hwaɗi abin da bakina ba ya iya ɗauka. Ka je ka yi aikinka, ba ni hana ka."

Tausayinta ya kama shi ƙwarai, bai ƙara matsa mata ba. Ya nemi izini a nuna masa inda mabuɗin marigayin yake. Yana rataye a ƙusa a bayan ƙofa, haɗe da na babur a zobe ɗaya. Hula da carbi da jakar allurai da ke kusa duk sun yi ƙurar wata guda. Zoben mabuɗan fes yake.

Ya fito lungun ya tsaya inda babur ɗin ya faɗi, ya yi lissafinsa. Daga shiga huɗuba zuwa sallamewa bai wuce minti arba'in ba. Mutum ɗaya, da ƙafa mai rauni, da kilo ɗari biyu da talatin da ba ya tashi, a kan ƙasa mai danshi. Ba zai hau tudu ba, sai dai gangare. Gari duk ya zuba ido ga iyaka, alhali babur ɗin bai fi nisan jifa daga gidan ba. Ya gangara yana ƙirga ƙofofi. Gidaje bakwai ne, da masallacin unguwa, da wani sito mai ƙofar ƙarfe a bakin fadama. Ya tambayi wata mai tallar gyaɗa na wane ne. Ta ce na Saifuddeen ne, inda yake tara shinkafa da kaka, yanzu da damina kuwa ba komai a ciki.

Aka kira la'asar. Sufeto ya yi alwala ya shiga masallacin unguwar, ya tsaya a sahu na biyu. Saifuddeen na gabansa. A tsaye ba ka ganin komai, dogon wando ya rufe. Da aka zo zaman tahiya sai ya kasa naɗe ƙafar hagu, ya miƙe ta gefe yana cije leɓe.

Bayan an shafa addu'a Sufeto ya bar mutane suka watse, sannan ya dafa kafaɗarsa.

"Malam Saifuddeen, zo ka raka ni sitonka."

"Ba komi ciki, Yallaɓai."

"To ba za mu daɗe ba."

Suka gangara su biyu, ɗan sanda ɗaya na bin su daga nesa. Saifuddeen na ƙoƙarin ɓoye ɗingishi, abin ya ƙi ɓoyuwa. A bakin ƙofar ya tsaya da mabuɗi a hannu kamar ya manta amfaninsa. Sufeto ya karɓa ya buɗe.

A kusurwar ciki an tara buhunan wofi har tsayin ƙirji. Sufeto ya janye uku, ruwan azurfa ya bayyana. Madubin hagu a fashe, murfin silindar hagu ya kwashi laka. An ɗaure hannun kuloci da robar tif. Ya kwance robar ya gwada tura babur ɗin, ya ƙi motsi.

"Har yanzu a lamba ɗaya yake," in ji shi. "Ka kasa samo firi ka fitar da shi daga giya, shi ya sa ka ɗaure kuloci ka gangaro da shi. Ɗaga wandonka."

Saifuddeen ya ɗaga. A ƙwaurinsa akwai kumburi, a kan kumburin kuma tsaga biyar a jere, tazararsu ɗaya, kamar an dangwala masa mataji. Sufeto bai ko kai su jikin silindar don gwadawa ba.

"Bari in gaya maka yadda na gani, in na yi kuskure ka gyara. Batirin da aka kama Rufus da shi, shi ne ya wanke shi. Wanda batir ke hannunsa, in zai saci babur, da batirin zai zo, ya danna maɓalli, kafin a sallame ya wuce Kende. Wanda ya shiga shagon bai san an cire ba. Ya murɗa mabuɗi ya ji shiru, sai ya yi abin da kowane mai ƙaramin babur ke yi, ya tura ya taka giya ƙasa sau biyu. Rufus ba zai yi wannan kuskuren ba ko cikin barci. Kwaɗo ba a fasa ba, mabuɗi biyu ne, na biyun a ɗakin mahaifinka, kuma shi kaɗai ne ba ƙura a jikinsa. Da babur ya faɗi, mai tura shi ya yi salati. Ina na kuskure?"

Saifuddeen ya zame ya zauna a kan buhunan. "Wa yac ce an yi salati?"

"Katangar gidanku ba ta da kauri."

Nan idonsa ya kawo ruwa. Ya gane wadda ta ji, ya kuma gane cewa tun jiya ta sani.

"Ba sayarwa zan yi ba, Yallaɓai. Wallahi ba sayarwa ba."

"To me?"

"Kwana huɗu kahin ya rasu, Baba ya kira liman da ƙanenshi, yay yi wasiyya. Yac ce babur na Rufus na. Ina bakin ƙohwa, na ji." Ya share fuska da hannun riga. "Tun ina yaro ban taɓa hawa shi ba. Ko goge shi in na zo yi sai ya ce in bari, hannuna bai san shi ba. Rufus ɗai. Su zauna su biyu su kwance inji su ɗaura, suna dariya, ni ina tsaye. Shekara talatin da biyar ban san ko ina batirin yake ba. Nic ce kahin a miƙa shi, in hau sau ɗaya, in kai shi gonarmu ta Kurgu in aje. Ko sau ɗayan ma ya ƙi ni."

"Wannan na ji, kuma ban ce ba zafi. Amma jiya kana tsaye aka kewaye dattijon nan. Kalma ɗaya ta isa."

"Ba ni nic ce shi na ba. Mutane sunka ce."

"Kai kuma ka aika aka kai ƙara."

Saifuddeen ya sunkuyar da kai. Can ya ce, da ƙyar ake ji, "Na ga in ya bar gari, ba wanda za a miƙa ma babur."

Sufeto ya sa aka rubuta bayaninsa a ofis, ya sa hannu. Maganar dukiyar mamaci da ƙarar ƙarya ta zama ta gaban alƙali. Kafin magariba labari ya zaga gari, kuma abin mamaki, sai ga shi kowa ya ce dama shi tun farko bai yarda Rufus ne ba.

Da kansa Sufeto ya mayar da Rufus gida. A hanya ya gaya masa zancen wasiyyar. Dattijon bai sani ba. Ya juya fuska wajen taga.

"Malam ya ba ni, na karɓa. Ba a mai da ma mamaci kyauta. Yaron kuwa, in alƙali ya tambaye ni, ba ni da ƙara. Uwarshi ta isa da abin da ta ɗauka."

Suka sami Bolanle a tsakar gida cikin kaya. Tun jiya take ɗauri: buhuna shida, katifa a naɗe, akwatuna biyu, gadon ma an kwance shi. Ta ga mijinta, ta tashi ta riƙe hannunsa da hannu biyu, ba ta yi kuka ba. Ta ce Alhaji Maliki ya aiko ɗazu, wai a yi haƙuri, zafin rai ne, a ci gaba da zama.

"Shi yaz zo?" in ji Rufus.

"Aike yay yi."

Rufus ya zauna a kan akwati. A cikin kwana ɗaya ya tsufa.

"Yallaɓai, mutanen jiya na ƙirga su ina zaune. Babu guda wanda ban taɓa gyara ma babur ba. Wanda yaɗ ɗauko batirin, ni nik koya mishi riƙon sifana."

Sufeto ya ji kunya, ko da yake ba shi ya yi ba. Ya yi tambayar da ke cinsa. "Za ku tafi?"

"Mu tahi ina? Ogbomosho ba wanda yas san ni yanzu. Ɗiyarmu Ireoluwa nan anka haife ta, nan anka rufe ta, can bayan makaranta. Wa za mu bar ma ita?" Ya dubi matarsa. "Kwance kaya, Mama Ire. Muna nan."

Bolanle ta dubi kayan ɗaya bayan ɗaya. Ta jawo buhun tukwane ta kwance, ta fitar da ƙaramar tukunya ta ɗora ruwa. Sauran biyar ɗin ta tura su jikin bango, a ɗaure.